Ƙwaro Mai Gajerar Riga

A can ƙarshen barandar cibiyar binciken noma, bayan an wuce sito da ɗakin janareto, akwai wata ƙofa da ba a cika ƙwanƙwasawa ba. A bayanta Baban Ƙwari ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ba shi ya zaɓi sunan nan ba. Direbobin cibiyar ne suka laƙaba masa don tsokana tun gashinsa na baƙi, da suka ga bai yi fushi ba sai sunan ya bi shi, har sababbin ma'aikata suka ɗauka da shi aka haife shi. Ɗakin dogo ne, ba iska, warin kafur ya kama komai har bango. Kabad ne jere hagu da dama, kowanne da durowoyi masu murfin gilashi, a cikinsu kuma matattun ƙwari ne, an soke kowanne da fil, an maƙala masa ɗan kati da ke faɗin inda aka kamo shi da wanda ya kamo. Aikinsa ke nan: ya kamo, ya busar, ya soke, ya rubuta, ya tsare su daga danshi da kuma 'yan'uwansu masu rai, waɗanda ba su jin kunyar cin gawar dangi.

Ɗan mai gyaran agogo ne, kuma bai gaji komai wurin ubansa ba sai hannu. Amma fa hannu ne. Tun yana ƙarami a shago, shi ake miƙa wa matsefata idan wani ɗan mitsitsin sukuru ya ƙi shiga, uban na tsaye a kansa yana cewa kada ya yi numfashi sai ya gama. Da ya ƙare makarantar koyon sana'a ya zo neman aiki cibiyar, tsohon da ke riƙe da ɗakin a lokacin bai tambaye shi takarda ba. Allura ya ba shi, ya ce ya miƙe ƙafafun wani ƙwaro da bai fi ƙwayar riɗi ba. Ya miƙe su duka shida bai karya ko ɗaya ba, daga ranar kuma bai sake neman wani aiki ba. Masana sun zo sun tafi, wasu da kirki wasu da ɗaga kai, suka rubuta takardunsu a kan ƙwarin da ya gyara musu, shi kuma a gode masa a layin ƙarshe da ƙananan baƙaƙe. Yakan ce wannan bai dame shi ba. Ya dame shi mana, shi dai ba mai yawan magana ba ne.

Cikin duk abin da ke ɗakin, dangi guda ne ya shiga ransa, kuma su ne waɗanda baƙo ba ya kallo sau biyu. Baƙo gaban malam-buɗe-littafi yake tsayawa yana yaba kala. Waɗannan kuwa siraran ƙwari ne, baƙaƙe ko ruwan ƙasa, masu zama ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye da taki, da yawansu ba su kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Irin su buzuzu suna da fukafukai masu tauri da ke rufe musu baya gaba ɗaya. Waɗannan kuwa nasu gajeru ne, kusan a kafaɗa suke tsayawa, sai dogon ciki ya fito fili gaɓa-gaɓa, in an taɓa ƙwaron ya lanƙwasa shi sama kamar kunama, alhali barazana ce kawai, ba shi da abin harbi. A ƙarƙashin gajerun fukafukan akwai wasu dogaye na tashi, a ninke ninki bisa ninki, idan ya sauka da ƙarshen cikinsa yake tura su ya mayar. Mutanen gari ɗaya kawai suka sani a dangin, mai ja da baƙi wanda kan ƙone wa mutum fata in ya murje shi a wuya, don haka duk wanda ya ji abin da Baban Ƙwari ke tarawa sai ya ɗan ja da baya.

Matarsa ce ta raɗa musu suna. Tela ce, keken ɗinkinta na falo kusa da taga, kuma Tela yake kiranta, har 'yarsu Auta ta taso tana jin haka. Farkon aurensu ya kai ta ɗakin don ta ga abin da yake yi, ya zaunar da ita gaban madubin ƙara girma, ya nuna mata yadda za ta sa ido. Ta daɗe tana kallo. Shi kuwa ya tsaya yana jiran ta ce wani abu game da ikon Allah.

"Malam," ta ce, ba ta ko ɗago ba, "wane tela ne ya yi wa wannan bawan Allah ɗinki? Ai ya cinye masa yadi. Dubi rigar, ko ƙugu ba ta kai ba."

Tun daga ranar sunansu masu gajerar riga, a gida da ofis. Ita ce kuma take ɗinka masa farar rigar aiki, don ta cibiya, in ji ta, buhu ne kawai aka huda wa wuya. Hannayensa gajeru ne, ita kuma ba ta yarda a yanke yadi a zubar ba, sai ta ninke bakin hannun rigar waje, ta kama shi da ɗinki a gefe biyu. Duk rigar da ta taɓa yi masa haka take, da ninki a wuyan hannu, wai ko Allah zai sa ya ƙara tsawo.

Wahalar masu gajerar riga ita ce kamanni. Ire-irensu dubun dubata ne a duniya, kuma sai ka jera goma daban-daban ka rantse uwa ɗaya ta haife su. Akan duba siffar kai, a bi gaɓoɓin ƙahonnin da suke shinshina da su, a duba 'yan ramukan da ke doron wuya, cinkus suke ko tsilla-tsilla, da inda kowane gashi ya tsiro. Duk wannan zato kawai yake bayarwa. Hukunci yana wuri guda, wurin da Baban Ƙwari bai taɓa iya ambata a gaban surukansa ba, wato gaban namijin. Wani ɗan abu ne mai tauri, ɓoye a ƙarshen ciki, bai fi ƙwayar yashi ba, kuma kowane iri da siffar nasa, kamar yadda kowace ƙofa take da mabuɗinta. Wanda bai ciro shi ya zana ya nuna wa duniya ba, a irin waɗannan masu kama da juna, ba shi da bakin cewa ya gano sabon iri.

Ciro shi kuwa yana da ƙa'ida. Busasshen ƙwaro sai an jiƙa shi ya kwana cikin ruwan magani har jikinsa ya yi laushi. Sannan a sa shi a ɗan faranti cikin ɗigon ruwa, a shiga da allura biyu a ƙarƙashin madubi, a zaro abin a hankali. Muddin yana cikin ruwa ba inda za shi. Haɗarin yana wurin ɗauke shi daga farantin zuwa ɗigon ƙaron da ke jiransa a kan wani ɗan kati garai-garai, inda zai zauna har abada a ƙarƙashin mai shi, a fil ɗaya. Tazarar ba ta fi faɗin yatsa ba, amma a nan ne yake bakin allura, a sarari, ba abin da ke riƙe da shi. Baban Ƙwari yana kiran wurin tsallake. Duk wanda ya taɓa zama a teburinsa ya sha wa'azin: kada ka ciro bai yi laushi ba, kada ka yi tsallake da gaggawa, abin da bai jiƙu ba tsalle yake yi. Duk shekarunsa bai taɓa yar da ko ɗaya ba, kuma yana son a san haka.

Saura kaɗan ya ajiye aiki abin ya zo. Bayan cibiyar akwai wani tsohon tankin ruwa da ke yoyo tun kafin a ɗauke shi aiki, ganye ya taru a ƙarƙashinsa ya ruɓe, wurin ba ya bushewa. Ya sha tankaɗe ganyen nan da rariya a kan farin ƙyalle, bai taɓa samun abin mamaki ba. Wata rana sai ga wasu 'yan ƙanana masu ruwan zuma, kansu da faɗi, ƙahonninsu masu kauri a ƙarshe. Ya busar da su ya ajiye cikin sauran kamun, sai bayan watanni da ya zo jera su ya tsaya cak. Ramukan doron wuyansu layi biyu suka yi, ba irin tsarin da ya sani ba. Ya fito da duk durowoyin dangin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya bi littattafai. Babu irinsu. Ya juya su ciki sama yana neman ɗan tsagun da maza ke da shi a gaɓar ƙarshe, sai ya tarar mata ne duka, namiji guda ɗaya tak.

Ya kai wa Dakta, matar da ke shugabantar sashen, wadda a kan wannan dangi ta yi karatunta kuma ta fi shi saninsu nesa ba kusa ba. Ta duba, ta sake dubawa, ta aika hotuna ga abokan aikinta a wasu ƙasashe, amsa ta dawo cewa ba wanda ya taɓa gani.

"Baba, ina jin ka yi kamu," ta ce. "Amma ka san sai mun ga na namijin. In ya tabbata, kai ka samo, kai za ka raɗa suna, kuma sunanka ne zai zo farko a takardar."

Ta jawo takardun gabanta, sannan ta ƙara da cewa:

"Zan yi tafiya wajen taro. Ka bari in dawo mu ciro tare. Guda ɗaya ne fa, ba mu da na biyu."

Ta faɗi haka ne tana kallon takardun gabanta, ba hannunsa ba, kuma wannan kawar da idon shi ya ƙona masa rai. Ashe ta sani. Hannun damansa ya fara rawa tun bara, kaɗan-kaɗan, har ya koma riƙe kofin shayi da hannu biyu. Shi a zatonsa ya ɓoye. Bai gaya wa kowa ba, har Tela, wadda ita kuma ta daɗe da daina miƙa masa zare ya zura mata a allura, ba ta ce don me ba.

A lokacin Tela ta riga ta kwanta. Ciwo ne a ciki, irin wanda likitoci ke rage murya in za su faɗi sunansa. An lulluɓe keken ɗinkin da zane, ɗinkin wata mata na ajiye a kai ba a ƙarasa ba. Da yamma ya dawo ya zauna bakin gadon.

"Tela, na samo wanda ba a taɓa gani ba. Duk duniya."

"To madalla. Shi ma rigar tasa gajera ce?"

"Gajera ce."

"Ai na sani. Ba su da tela na kirki."

"Sunanki zan sa masa."

Ta juyo da kai a kan filo ta dube shi. "Yanzu Malam, duk halittun Allah, ga tsuntsaye ga furanni, ni sai wanda rigarsa ba ta rufe masa mazaunai ba? Tela guda? Ai ka kashe min kasuwa."

Shi bai iya wasa ba, sai ya shiga yi mata bayani da gaske. Sunan da aka raɗa wa iri ba ya gogewa. Ko bayan shekara ɗari wani a wata ƙasa ya kama irinsa, sunanta zai rubuta a kati, ko bai san wace ce ba. Ta ɗaga ido ta kalli silin.

"To ka yi sauri in gani a rubuce," ta ce. "Ban yarda da ku ba, ku da kuke shekara kuna kallon ƙafar ƙwaro ɗaya."

Da wasa ta faɗa, amma shi ba da wasa ya ɗauka ba. Ba a daɗe ba jikin ya tsananta aka kwantar da ita asibiti, likita ya ja shi baranda ya yi masa magana a hankali, irin maganar da ba ta da amsa. Dakta ba ta dawo ba tukuna. Washegari da safe ya buɗe ɗakinsa, ya sa farar rigarsa, ya cire namijin daga katinsa ya jefa shi cikin ruwan magani. Kamata ya yi ya kwana a ciki. Rana ba ta yi tsaka ba ya taɓa shi da bakin allura, ya ce wa kansa ya yi laushi. Ya san bai yi ba. Mutumin da ya ƙarar da ransa yana hana wasu gaggawa, ga shi ya ja madubi gabansa.

Ya shiga da allura. Ƙarshen cikin ya buɗe da ƙyar, abin ya leƙo, launin zuma, siriri, mai lanƙwasa. Ya gan shi, na ɗan lokaci, ya kuma san ba irinsa a duk littattafan da ya sani.  Akwai wani ɗan tantani da bai gama jiƙuwa ba yana riƙe da shi, ya ja, ya ƙi, ya ɗaga shi da bakin allura don ya yi tsallake da shi haka nan. A daidai faɗin yatsan nan hannun ya yi rawa. Tantanin ya tsinke, allurar ta ɗan yi tsalle. Bai ji ƙarar komai ba. Da ya sake dubawa, bakin allurar fayau yake.

Ya daɗe bai motsa ba, ko numfashi bai yi sosai ba, kamar yadda ubansa ya koya masa. Sannan ya bi teburin da ido taƙi-taƙi. Ya duba bakin farantin, ya duba jikin madubin. Ya karkaɗe gaban rigarsa da hannayenta a kan farin tire, ya taje gemunsa a kai, ya cire takalmansa ya juye. Sannan ya durƙusa.

Daga ranar ya kulle ɗakin. Iya mai shara ta zo da bokitinta ya tare ta a ƙofa, ya ce kada ta sake shigowa sai ya ce, ta tafi tana mita wai da ma warin ɗakin ciwon kai yake sa ta. Ya ɗauki ɗan buroshin fenti yana share daɓen kashi-kashi, yana zuba ƙurar kowane wuri a ƙaramin kwali daban, sannan ya zauna yana bin ta a ƙarƙashin madubi, kaɗan-kaɗan a bakin wuƙa. Abin da bai gani ba a ƙurar nan kaɗan ne: karyayyun ƙafafun ƙwari na shekara da shekaru, ɓurɓushin kafur, zaren rigarsa, gashin kansa tun yana baƙi. Abin da yake nema kaɗai ne babu. Ya ɗauki rariya ya zagaya bayan cibiyar, ko da yake ya san abin da zai tarar. An rushe tankin tun watannin baya, an zuba kankare, motocin manya ne ke ajiye a wurin. Ya tsaya da rariyarsa a hannu, wani direba ya ɗaga masa murya, "Baban Ƙwari, yau mota za a tankaɗe?"

A nan ne mutum zai so ya kama shi ya girgiza. Matar na asibiti kwanakinta na ƙarewa, shi yana durƙushe yana tara ƙura don ya ba ta kyauta. Auta ta yi ta kira. "Baba, kana ina? Mama na tambayarka." Ya ce ga shi nan zuwa. Ya je a makare, ya zauna kamar wanda ke kan ƙaya, ya tashi da wuri. Ba rashin so ba ne. Son ne ma ya yi masa yawa har ya rasa inda zai ajiye shi, sai ya zuba shi duka a kan ƙwayar yashin nan.

Ranar da ya gan ta ta ƙarshe, da rigar aikin ya je, bai ma lura ba. Ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa, amma idon nan na tela yana nan.

"Malam, da rigar aiki? Za su ɗauka sabon likita ne su ba ka allura ka yi wa mutane."

Ya ja kujera. Ta miƙo hannu ta kama wuyan hannunsa na dama. Hannun yana rawa a cikin nata, ya yi ƙoƙarin janyewa, ta riƙe.

"Bar shi. Tun bara na gani."

Ya sunkuyar da kai. Babban yatsanta yana shafa ninkin bakin hannun rigar, yana bin ɗinkin kamar yadda ta saba bin aikinta.

"Gefen nan ya fara saki. Kada ka ba wani ya taɓa min ɗinki, in na tashi zan kama maka." Ta huta kaɗan. "Ya labarin mai gajerar riga?"

"Saura kaɗan."

"Gwiwoyin wandonka duk ƙura. Me ka yar?"

"Ba komai."

Ta dube shi irin kallon da take yi wa mai kawo ɗinki in ya ce yadin ya isa alhali bai isa ba. Ba ta ja maganar ba.

"Zauna nan, Malam. Bar ƙwaron. Ni dai zauna."

Ya zauna. Ta riƙe hannun har barci ya ɗauke ta. Yana zaune yana kallon numfashinta, amma ransa na kan kwalayen ƙurar ƙarƙashin kabad, waɗanda bai duba ba tukuna, waɗanda ya tabbata a cikinsu abin yake. Ya zare hannunsa a hankali. Ya ce wa Auta a baranda yanzu zai dawo. Yana can ɗakinsa a cibiya, idonsa na kan madubi, yana juya wani ɓurɓushi da allura, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Auta ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Baba, ta farka ta tambaye ka. Yanzu kuma ba sauri."

Bayan an gama zaman makoki ya koma aiki, don bai san inda za shi ba. Falon gidan ya yi masa faɗi, keken ɗinkin na nan a lulluɓe, Auta tana gaishe shi da ladabi irin na baƙo. Dakta ta dawo, ta je gida ta yi masa gaisuwa, daga baya a ofis ya gaya mata abin da ya faru, a tsaye, bai rage komai ba. Ba ta ce ai na ce ka jira ba. Cewa ta yi za su nemi wani namijin a wasu wurare masu danshi in an yi ruwa, ko da yake su duka biyun sun san yadda irin wannan nema yake ƙarewa. Aka jera matan ƙwarin a durowa da kati mai alamar tambaya. Ya ƙarasa duba sauran kwalayen, ba don yana sa rai ba. Da suka ƙare ya kira Iya mai shara ya buɗe mata ƙofa. Ya tsaya yana kallo tana goge daɓen, ruwan bokitin ya koma toka-toka, ta ɗauka ta je ta watsa a kwata.

Rigar kuwa bai bari an wanke ba. Auta ta nema ya hana, ya ci gaba da sa ta haka, wuyanta ya yi baƙi, mutane suka fara kawar da kai. A makonsa na ƙarshe a cibiyar, yana kwashe kayan teburinsa, bakin hannun rigar ya maƙale a hannun durowa. Gefen da ta ce ya fara saki ya ƙarasa tsinkewa. Ninkin ya warware ya sauko har kan yatsunsa, ɗan abin da ya taru a ciki ya zube a kan farin tire: zare-zare, ƙura, ɓurɓushin kafur. Abin da ya fara zuwa ransa shi ne ɗinkinta ya tafi, ba kuma mai kama masa. Ya daɗe yana kallon zaren da ya tsinke. Sannan hannunsa, don sabo kawai, ya tura tiren ƙarƙashin madubi.

Yana nan. Launin zuma, siriri, mai lanƙwasa, da 'yan rassa biyu a gefe, ko ƙwarzane bai yi ba. Ya manne a jikin wani farin zare. Ashe tun ranar can ciki ya faɗa, can ƙasan ninkin inda karkaɗawa ba ta kai. Da shi ya durƙusa yana share daɓe. Da shi ya je asibiti. Yana ƙarƙashin babban yatsanta lokacin da take cewa ya zauna.

Bai yi kuka a wurin jana'iza ba, a nan ya yi, a hankali, ya kawar da fuskarsa gefe don kada numfashinsa ya hure tiren. Da ya natsu ya ɗauki allura. Bakinta na kaɗawa a ƙarƙashin madubi kamar reshe a iska. Ya ajiye ta. Ya ɗiga ruwa a kan abin don kada ya je ko'ina, ya kife ɗan gilashi a kai, ya fita ya bi dogon barandar, hannun riga ɗaya na reto, ya ƙwanƙwasa ƙofar Dakta.

"Dakta, don Allah zo ki yi min tsallake. Ni ba zan iya ba."

Ta zo ta zauna a kujerarsa. Ta duba ta daɗe, ta ce sabo ne, ba shakka. Sannan ta sa allura ta ɗauke shi ta ajiye cikin ɗigon ƙaro, kafin ƙiftawar ido an gama. Ta soke katin a ƙarƙashin namijin, ta jawo wani farin kati da alƙalami.

"Baba, takardar za ta ɗauki watanni kafin ta fito, amma bari mu sa masa tun yanzu. Yaya ake rubuta sunan Mama?"

Ya faɗa mata baƙi bayan baƙi. Rabon da sunan ya fito daga bakinsa har ya manta, Tela kawai yake cewa. Ta rubuta, ta hura tawadar ta bushe, ta miƙa masa, ta fita ta ja ƙofa a hankali.

Ya riƙe katin da hannu biyu don kada ya faɗi. Ga shi a rubuce, kamar yadda ta nema. Ya juya da shi kamar zai nuna wa wani, ba kowa a ɗakin sai durowoyi.